Ranar da Hasiya Mai Dambu Ta Hau Gaban Mota

Duk direban da ya taɓa bin layin manyan motoci a Magama yana jiran a sallame shi ya ƙetara Nijar, ya san Hasiya mai dambu. In bai riƙe sunanta ba, harshensa ya riƙe yajinta. Ni kuwa na fi kowa saninta, domin taubasai muke, ubana da uwarta ciki ɗaya suka fito. A Gangara muka yi ƙuruciya tare, yanzu kuma rumfata ta fura tana jingine da tata. Fatu sunana. Tun muna tallar gyaɗa nake tsokanarta tana ramawa, kuma ba wanda ya taɓa shiga tsakaninmu, don kowa ya san haƙƙinmu muke ci.

Doguwa ce, baƙa, mai wushirya, Allah kuma ya ba ta murya. In ta ce "ga dambu da zafi" daga rumfa, sai ka ga kawuna suna leƙowa daga ƙarƙashin motoci har ƙarshen layi. A wurin uwarta ta koyi turara dambu da zogale da ƙuli, amma haɗin yajin nata ne, har yau ta ƙi gaya mini abin da take zubawa a ciki. Aure ne ya kawo ta boda. Mijinta Lawal mai facin taya ne, mutumin Ɗan Isa ta can ɓangaren Nijar, ya kafa rumfarsa a bakin titi. Ita kuma ta ga ƙarti zaune da yunwa suna hamma, ta ce wannan ai asara ce, ta ɗora tukunya. Lawal ya rasu, Allah ya jiƙansa. An rufe boda an buɗe, an sake rufewa an sake buɗewa, tukunyar Hasiya ba ta sauka daga murhu ba. Lokacin da manyan motoci suka ɗauke ƙafa, 'yan babur ta koma ciyarwa.

Ba ta jin nauyin kowa. Mai kaki da mai babbar riga duk ɗaya ne a gabanta, in hannunka da datti sai ka je ka wanke kafin ta miƙo kwano. Har 'yan kalmomin Faransanci ta tsinta a bakin mutanen Maraɗi, tana watsa musu abinsu a karkace suna dariya. Mutum ɗaya ne a duniya ke kashe mata baki, shi ne Abdulbaƙi, ɗanta na fari.

Mu a wurinmu kunyar ɗan fari ba sabon abu ba ce, amma Hasiya tata ta fi ta kowa. Ana yaye shi kakarsa ta wajen uba ta ɗauke shi zuwa Ɗan Isa, can ya girma, can ya yi aure, ya zama direban babbar mota, irin wadda su can suke kira kamiyo. Ba ta taɓa kama sunansa ba, "na Ɗan Isa" take cewa. Shi kuma Yaya yake ce mata, yadda ya ji ƙannen ubansa suna faɗa. Kusan kowane mako motarsa na biyo layi. Zai zo ya durƙusa can nesa da rumfa, kansa a ƙasa, ya gaishe ta. Ita kuma ta juya baya tana gyara wutar da ba ta lalace ba, ta amsa wa tukunya. In ya tashi sai ta cika kwano har ya yi tozo, ta ɗora masa tsokar da ta ɓoye tun safe, ta turo mini da ƙafa ta ce, "A kai ma wancan." Ni ce dai jakadiyar, ba albashi ba godiya.

To, sai ciwo ya zo. Da farko ba ta gaya wa kowa ba, ni na lura tana yawan zagawa kuma tana dawowa fuska a yamutse. Da na matsa mata sai ta ce basir ne, tana ganin jini. Ban ko ɗaga kai ba, don wa ya rasa basir a boda? Direba ya ce zaman mota ne, mai shayi ya ce sukari ne, kowa kuma ya ce yaji ne. Ga shi ita a gidansu an san abin. Ubanta Malam Ummaru da shi ya rasu, ya rame ya ƙanjame, daga baya idonsa ya yi ruwan ɗorawa. Ƙanensa ma haka ya tafi. Har cewa ake yi basirin gidan Ummaru mai taurin kai ne. Don haka ta shiga shan magani. Duk motar da ta wuce da lasifika tana tallar maganin basir sai ta tsayar. Ta sha na Katsina, ta sha na Maraɗi, ta sha wani jiƙo baƙi ƙirin da ko akuya ta shinshina sai ta yi atishawa. Ta bar cin yajin da take sayarwa, abin da ya fi ba ni tausayi ke nan. Duk da haka zane ya fara zagaye ta har da saura.

'Yarta Hassana ce ta ƙi yarda. Ta zo da safe ta kashe wutar murhu da hannunta, ta ce yau sai asibiti a Katsina. Na bi su, don in ba ni kusa Hasiya tana iya dirowa daga mota a Daddara. Aka yi ta gwaje-gwaje, aka ba ta wani ruwa ta sha cikinta ya wanke tas, aka sa wata siririyar na'ura mai ido aka leƙa hanjin. Da ta fito ta ce in na kuskura na ba da labarin ta inda aka bi, sai ta zuba mini yaji a fura.

Likitar mace ce, Dakta Muhsina, 'yar gajeruwa mai sanyin magana. Ta zaunar da mu ta ce, "Mama, ba basir ba ne. Tsiro ne ƙanana da yawa a babban hanjinki, ɗaya daga cikinsu ya girma ya zama ciwon daji."

Hassana ta fashe da kuka. Ai mu in an ce daji, likkafani muke hangowa. Hasiya kuwa ta gyara zama ta ce, "To mi ya kawo shi? Yaji?"

"Ba yaji ba ne," in ji likita. "Naman hanji kullum sabuntawa yake yi, tsoho ya zube, sabo ya fito. A cikin kowace ƙwayar naman akwai umarnin da mutum ke gadowa daga iyaye. Wani umarnin yana cewa a hayayyafa, wani kuma aikinsa ya ce ya isa haka, a tsaya. Shi mai tsayarwar guda biyu ake ba mutum, ɗaya daga uba, ɗaya daga uwa. A ina kike sana'a?"

"Boda."

"To, kamar masu gadi biyu ne a shinge ɗaya. Yawancin mutane da biyun lafiyayyu ake haihuwarsu, kafin duka su lalace a wuri ɗaya an daɗe, wani har ya tsufa abin bai faru ba. Ke kuwa, da na ga yawan tsiron, na kuma ji labarin mahaifinki da ƙanensa, ina kyautata zaton da guda ɗaya aka haife ki. Na wajen uba a lalace ya zo."

"Mai gadi guda?" in ji Hasiya. "Ai ko salla yat tahi an wuce."

Likita ta yi dariya ta ce haka ne, duk inda ɗayan ya gaza sai tsiro ya fito. Amma ta ce tsiro shi kaɗai ba ya tafiya ko'ina, don akwai wasu shingaye a gaba, kowane da nasa masu gadin. Sai sun faɗi ɗaya bayan ɗaya, a hankali cikin shekaru, sannan ciwon ya huda bangon hanji ya bi jini, kuma yawanci a hanta yake fara sauka. In ya kai can, aiki ya yi wuya. Ta juyo da hoton ta nuna mana, ta ce hantar Hasiya fes take, an zo kafin ya ƙetara.

Aka yi mata tiyata, aka cire yawancin babban hanjin aka haɗa sauran. Dangi da direbobi suka tsaya mata tsayuwar da har yau in na tuna sai na yi ƙwalla. Ranar da ta dawo rumfa, wani ya fara danna ham, na bayansa ya ɗauka, kafin ka ce me layi duka ya kaure, har ma'aikatan boda suka fito suna tambayar wane babba ne ya iso. Ta warke, ƙiba ta dawo, murya ta dawo fiye da da. Sai dai zagawa ta ƙaru, har na sa mata suna mai buta. Ta ce ta ji, ta fi mai furar da ƙuda ke yi wa layi.

Amma akwai maganar da likita ta ƙara kafin a sallame ta, ita ce ta hana ta sakewa. Ta ce duk ɗan da Hasiya ta haifa, ko dai ya ɗauki lafiyayyen mai gadin ko ya ɗauki lalataccen, rabi da rabi ne. A kawo su duka a leƙa, tun abin yana tsiro. Hassana da ƙannenta biyu ba su ba ta wuya ba, ta tara su ta zazzage musu magana ba kara, ta kora su Katsina. Biyu ba a ga komai ba, an ce dai su riƙa dawowa. Hassana an ga 'yan kaɗan an cire, ana bin ta a kai a kai. Saura na Ɗan Isa, wanda ya fi su shekaru, wanda in akwai abin a jikinsa ya fi daɗewa yana aiki.

Ta yaya matar da ba ta iya ce wa ɗanta "sannu" ido da ido za ta yi masa zancen bayan gida? Sai ta yi abin da ta saba, ta aike ni. Na same shi a gindin motarsa yana cin dambu, na tattara hankalina na faɗa masa komai, har da masu gadin. Matsalar ita ce tun yana ɗan mitsitsi bai taɓa jin magana mai nauyi daga bakina ba. Ina kai wa wurin na'ura mai ido, sai ya ƙware da dariya har da buga taya.

"Inna Fatu, ke dai ba ki girma! Ni za a leƙa? Lahiyata lau. In ma basir ne, dut direba shina da shi."

Na koma, na sake komawa, har na haɗa da rantsuwa. Ya ce to, in ya samu sarari. Hassana ta buga masa waya, ya ce yarinya ba ta yi wa wanta irin wannan zance. Aka zauna haka, Hasiya tana turo kwano, ni ina kaiwa.

Wata ranar Lahadi, kasuwar Jibiya na ci, matarsa Na'ima ta ƙetaro sayayya. Ta gaida surukarta daga nesa, sannan ta ja ni bayan rumfa tana murza gefen mayafi. Ta ce ita ke wanke masa kaya, kuma ta daɗe tana ganin jini. Ta ce ya tara kwalaben magani a ƙarƙashin kujerar mota, ya hana ta gaya wa kowa. Zana ce kawai tsakaninmu da Hasiya, kuma na ji lokacin da ludayi ya tsaya a tukunya.

Kwanakin da suka biyo baya ban gane taubashiyata ba. Na tsokane ta ta kowace hanya, ko kallona ba ta yi. Dambu ya fito yau gishiri ya yi yawa, gobe babu sam. Na ji tsoro ƙwarai, kuma na ji haushinta, na ji haushinsa, na ji haushin kunyar ma gaba ɗaya. Na ce mata, "Ke kin iya wanke mai kaki tas, amma ɗan da kinka haihwa ya gagare ki?" Ta ce, "Fatu, bari." Shi ke nan abin da ta ce.

Ranar da motarsa ta sake biyo layi da lodin siminti za shi Maraɗi, da hantsi ne. Ya zo ya durƙusa ya yi gaisuwa, ta amsa wa tukunya, ya koma. Ta cika kwano. Na miƙa hannu in karɓa, sai ta zagaye ni kamar ba ta gan ni ba. Ta ratsa titi da kwano a hannu, ta je ta buɗe ƙofar ɓangaren yaron mota, ta ɗage zane kaɗan, ta kama ƙarfe ta haye. Mace mai jikoki, mai ɗinki a ciki! Na watsar da fura na ruga, na maƙale a matakalar ƙofa, don wallahi ko za a yanka ni ba zan bari wannan ya wuce ni ba.

Yana zaune riƙe da sitiyari, ya daskare. Ta ajiye kwanon a tsakaninsu, ta miƙe idonta kan gilashin gaba.

"Magana za ni yi. Kak ka dube ni, ni ma ba ni dubanka."

"To, Yaya."

Ashe gaban mota wuri ne da aka yi don masu kunya, kowa gabansa yake kallo. Ta ja numfashi ta ce, "In ka zaga, kana ganin jini?"

Na ga zufa ta karyo masa a wuya. Da ƙyar ya ce, "Basir ne, Yaya. Zaman mota ne, dut direba..."

"Ni direba ce? Baba Ummaru direba ne? Mutumin da ko jaki bai iya hawa da kirki ba?" Sai muryarta ta sauka. "Ba basir ba ne. Ni ma haka nac ce, sai da anka yanke mani hanji. In kana da abin ga, daga jikina ka same shi. Kana barin nono anka ɗauke ka. Ban yi maka wanka ba, ban kai ka makaranta ba, ran aurenka ɗaki nis shige. Ban ba ka komi ba sai wanga abu. To ba ni zama ina kunya shi kai ga hantarka."

Hawaye ne ke zubo mata, amma ba ta share ba, kuma ba ta juyo ba. Shi ma ya kifa goshi a kan sitiyari. Ni da na zo kallo, sai ga ni ina jan hanci a matakala.

Layi ya motsa, na baya suka fara ham. Ya ɗago ya ce ya ji, ya yarda, bari ya sauke kayan mutane a Maraɗi ya dawo, wallahi zai je. Ta ce madalla, ja mu je. Ya ce ina? Ta ce Maraɗi mana, ai ba ta sauka sai a ƙofar lokotoro, wato likita, a Katsina. Ta leƙo ta ce mini, "Ke, sauka ki tsare mani tukunya, kuma kak ki taɓa yajina." Ina tsaye baki buɗe motar ta ja, Hasiya zaune a gaba ɗaram kamar ita ce mai kayan. Na ji labari ma'aikatan duwan, wato kwastan na can ɓangaren, da suka san ta a bakin murhu kawai, sai da suka zagayo suna leƙenta suna tambayar ko ta canza sana'a.

Washegari suka dawo tare suka wuce Katsina. Na tambaye ta me suka tattauna a hanya, ta ce ba komai, ya nuna mata gonar kakarsa, ita kuma ta ce masa yana gudu da yawa. Aka leƙa, aka tarar da tsiro fal, sun fi nata yawa, ɗaya har ya fara juyewa. Aka sa ranar tiyata.

Ranar tiyatar muna zaune a baranda ni da ita da Na'ima, Dakta Muhsina ta fito tana cire hular aiki. Ta ce an gama lafiya. Ta ce a yadda ta gani ciwon yana nan cikin bangon hanji bai huda ba, hanta kuma ba abin da ya taɓa ta, gwajin naman da aka cire zai tabbatar, kuma daga baya ya tabbatar ɗin. Ta ce da an ƙara ja masa lokaci, da wata maganar ake yi yanzu. 'Ya'yansa ma in sun tasa a kawo su. Na'ima ta faɗi ta yi sujada a kan siminti. Ni kuwa na rangaɗa guɗa, wata ma'aikaciya ta leƙo ta ce nan asibiti ne, na ce na sani, shi ya sa na yi guda ɗaya.

Bayan ya farfaɗo sosai aka ce lallai ya tashi ya taka, don hanji ya motsa. Na'ima ta tafi ɗebo ruwan zafi, ma'aikaciyar ta dube mu ta ce wa zai riƙe shi. Na yunƙura, sai na ji an dafe mini gwiwa. Hasiya ta tashi ta je bakin gado, ta sa kafaɗarta ƙarƙashin hammatarsa, ta kama hannunsa ta riƙe gam. Suka fita baranda a hankali, yana jan ƙafa yana cije leɓe, tana cewa, "Sannu. Taka. Sannu." Suka kai ƙarshe suka juyo, ina biye da su da ledar ruwan da ke rataye a hannunsa.

Da ta mayar da shi gado barci ya ɗauke shi, ta dawo ta zauna kusa da ni tana kallon tafin hannunta. Na buɗe baki in tsokane ta, sai ta riga ni.

"Fatu, tun da anka yaye shi ban taɓa jikinshi ba sai yau," in ji ta. "Ashe hannun Baba gare shi. Har ɗan yatsan nan mai lanƙwasa."

Ta yi murmushi, wushiryar ta fito, ta tashi ta koma ciki ta gyara masa bargo.